Sarbo-moto da manhaja: wace hanyar haɗi za ka zaɓa kafin ka biya kuɗi?

Mafi yawan masu shirin sayen sarbo-moto da ƙarfin juyi suke farawa: nauyin me zai ja, juyi nawa yake yi a minti, wace irin wuta yake sha. Lissafi ne da ya wajaba, amma ba kasafai aiki ke cijewa a nan ba. Inda yake cijewa shi ne ranar da aka ɗaure moton a jikin inji, aka ba shi wuta, fitilar diraif ta kawo kore, sai manhajar kwantirola ta ƙi ganinsa sam, ko kuma ta gan shi amma ya ƙi motsi. Kafin lokacin an riga an biya kuɗi, an huda ƙarfe daidai da fuskar moton, an ja wayoyi an ɗaure.

Abin da ake kira sarbo abu uku ne a haɗe. Akwai moton kansa, akwai enkoda da ke bayansa tana ƙirga inda ya kai, akwai kuma diraif, akwatin da ke ba shi wuta gwargwadon umarni. A saman su uku akwai kwantirola, ko dai PLC (ƙaramar kwamfutar sarrafa injinan masana'anta), ko kwamfutar CNC (mai tuƙa injin yanka da sassaƙa), ko katin sarrafa motsi. Ba da moto manhajarka ke magana ba, da diraif take yi. Saboda haka zaɓi daga sama yake gangarowa: ka fara sanin kwantirolarka da manhajarta, sannan yaren da take ji, sannan diraif mai jin wannan yaren, moto ya zo a ƙarshe.

Abubuwan da za a auna kowace hanya da su

Na farko shi ne yaren sadarwa. EtherCAT, PROFINET, EtherNet/IP da Modbus TCP duk kafa iri ɗaya suke amfani da ita, wato RJ45 ta kebul ɗin intanet, amma babu wanda ke jin ɗan'uwansa. Kama da wane ba ta wane. Ko a cikin EtherCAT ɗin, wajen magana da diraif akwai reshe biyu, CoE da SoE. Diraif ɗin AX5000 na Beckhoff da SoE yake aiki, yawancin na sauran kamfanoni kuwa da CoE, kuma kwantirolar da ta san ɗaya kaɗai ba za ta tuƙa ɗayan ba. Abin da ya fi yaudara shi ne harafi guda a ƙarshen lambar kaya. MR-J4-A na Mitsubishi yana karɓar bugun lantarki da analog, MR-J4-B kuwa yaren SSCNET na Mitsubishi kawai yake ji. A jerin ASDA-A2 na Delta, mai harafin M na CANopen ne, mai E na EtherCAT, mai F na DMCNET. A hoto kusan duk ɗaya suke.

Na biyu, wa ke tsara tafiyar? Akwai tsarin da kwantirola ke cewa diraif "je ka wuri kaza da gudu kaza", shi kuma ya tsara tashinsa da tsayuwarsa. Akwai kuma wanda kwantirola ke aiko sabon matsayi duk bayan milisakan ɗaya ko ƙasa da haka. Na farkon ya wadatar wa injin da ke ɗauka ya ajiye. Amma muddin aksis biyu ko uku (aksis shi ne layin motsi guda da moto ɗaya ke ja) za su haɗu su yanka da'ira, ko ɗaya zai bi ɗaya taku da taku, sai na biyun. Diraif da yawa sun iya na farko ba su iya na biyu ba, alhali sunan yaren da ke jikinsu ɗaya ne.

Na uku shi ne fayil ɗin da ke gabatar da diraif ga manhaja, da sigar manhajar kanta. EtherCAT na da ESI, PROFINET na da GSDML, CANopen da EtherNet/IP na da EDS. In babu fayil ɗin, ko kuma akwai shi amma na tsohuwar manhajar cikin diraif ne, sau da yawa haɗi ba ya tashi.

Na huɗu, alaƙar moto da diraif. Enkodar zamani ba bugu kawai take aikowa ba, magana take yi da yarenta: EnDat na Heidenhain, Hiperface na SICK, BiSS, Tamagawa, DRIVE-CLiQ na Siemens, da waɗanda kamfanonin Japan suka keɓe wa kansu. A cikinta kuma akan adana bayanan moton, diraif ya karanta da zarar an kunna. Shi ya sa moton Yaskawa ba ya aiki a kan diraif ɗin Panasonic ko da ƙarfinsu ya zo ɗaya. A saye su tare, sai fa in diraif ɗin an gina shi musamman don karɓar enkoda iri-iri kuma an rubuta sunan taka a jerinsa.

Sai manhajar saiti: SigmaWin+ ta Yaskawa, MR Configurator2 ta Mitsubishi, PANATERM ta Panasonic, ASDA-Soft ta Delta, V-ASSISTANT da Startdrive na Siemens. Kusan dukkansu Windows suke buƙata. Ka bincika ko kyauta ce, ko tana hawa kwamfutar da kake da ita, ko kebul ɗinta USB ne na kowa ko na musamman, kuma ko za ta bar ka ka adana duk saitin diraif a fayil guda. Wannan na ƙarshen shi ne zai cece ka ranar da diraif ya ƙone.

Kuɗi da ɗorewa su ne suka rage. Kuɗin ba na akwatin diraif kaɗai ba ne, har da lasisin manhaja, kebul na musamman da kwanakin da injiniya zai ɓata. Ɗorewa kuwa a nan ba ƙarfin ƙarfe ake nufi ba. Tambayar ita ce, bayan shekara goma, in wani yanki ya mutu, za a samu madadinsa kuma a samu kwamfutar da za ta buɗe shirin?

Bugu da alkibla

Wannan ita ce hanya mafi sauƙin fahimta. Waya ɗaya tana aika bugu, kowane bugu taku ɗaya ne, ɗayar tana faɗin gaba ko baya. Babu fayil, babu lasisi, babu siga. Manhajojin CNC irin Mach3, Mach4, GRBL da LinuxCNC, da duk PLC mai mafitar bugu mai sauri za su tuƙa shi, kuma in diraif ya mutu ana iya sa na wani kamfani a gyara wayoyi kaɗan.

Matsalarta lissafi ne, kuma mutane da yawa ba sa yin sa sai bayan saye. Enkoda mai bit 17 tana ƙirga 131,072 a kowane juyi. Moto mai juyi 3000 a minti yana yin 50 a sakan. In kowane bugu ƙirge ɗaya ne, ana buƙatar bugu 6,553,600 a sakan. Mafitar da ke jikin PLC ta Siemens S7-1200 mai tiransisto tana kaiwa kilohaz 100, wato bugu 100,000 a sakan, ta FX5U ta Mitsubishi kilohaz 200, GRBL a kan Arduino Uno kusan kilohaz 30, Mach3 ta tsohuwar kafar firinta yana farawa daga kilohaz 25. Babu wanda ya ko kusanto.

Maganin shi ne giyar lantarki da ke cikin diraif, wadda ke ninka kowane bugu. A ce moto na juya dogon sukuru mai tafiyar milimita 5 a juyi, kana son kowane bugu ya zama 0.001 na milimita. Kana buƙatar bugu 5000 a juyi, wato giya 131072 bisa 5000. Don kaiwa juyi 3000 a minti sai kilohaz 250. In kwantirolarka a 200 ta tsaya, moton ba zai wuce juyi 2400 ba, in kuwa a 100 ne, 1200 kawai. Ko dai ka haƙura da gudu, ko ka rage ƙanƙantar taku. Mai kilohaz 25 kuwa bugu 500 kaɗai zai iya bayarwa a juyi in yana son cikakken gudu, wanda ke nufin ya sayi enkoda mai tsada yana amfani da ɗan ɓangarenta, kuma motsin zai riƙa fizga sai an kunna tacewar laushi a diraif, ita kuma tana jawo jinkiri.

Akwai ƙananan tarkuna da suka kamata a duba a takardar kaya. Mashigar bugu ta diraif da yawa ta bolt 5 ce, in aka ba ta 24 ba tare da rizisto mai kusan kilo'om 2 ba, ko ba ta ƙafar da aka tanada don 24 ba, za ta ƙone. Mafitar PLC na iya zama PNP, mai tura wuta, alhali diraif NPN, mai janye wuta, yake jira. Salon bugu uku ne, bugu da alkibla, ko bugun gaba da bugun baya, ko A da B, kuma dole saitin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. PLC mai rile ba ta wannan aikin gaba ɗaya. Shi kuma Mach3 ta kafar firinta sai a Windows mai bit 32, a sabuwar kwamfuta sai an ƙara akwatin motsi na waje irin SmoothStepper ko UC100.

Babban haɗarin kuwa shi ne kwantirola ba ta san abin da ya faru ba. Diraif yana bin bugun da ya iso gare shi ne, ba wanda aka aiko ba. In kutsen lantarki daga wayar wutar moto ya ƙara bugu ko ya cinye wasu, aksis zai riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, babu ƙararrawa, sai dai a ga kaya suna fitowa ba daidai ba. A yi amfani da siginar tagwayen waya, kebul murɗaɗɗe mai garkuwa, a raba hanyarsa da ta wutar moto, a kuma mayar da wayar ƙararrawar diraif zuwa kwantirola don in aksis ɗaya ya tsaya sauran su tsaya.

Analog mai bolt 10

A nan kwantirola na aika wuta tsakanin bolt 10 gaba da bolt 10 baya a matsayin umarnin gudu ko na ƙarfin juyi, diraif kuma ya mayar mata da ƙirgen enkoda ta wayoyin A, B da Z. Kwantirola ce ke rufe da'irar matsayi, don haka kullum ta san inda aksis yake. Tsofaffin injinan CNC da yawa haka aka gina su, kuma LinuxCNC tare da katin Mesa 7i77, mai ɗaukar aksis shida, yana tuƙa su da kyau.

Ta fuskar manhaja babu rigima, amma aikin ya koma kan mai saiti. Sai an daidaita diraif shi kaɗai tukuna, sannan a daidaita PID na kwantirola, wato lissafin da take gyara kuskuren matsayi da shi, a kansa. 'Yan milibolt da suka saura a waya kan sa moto ya riƙa rarrafe ko an ce ya tsaya. Mafi muni, in aka juya alkiblar enkoda, kwantirola za ta ga kuskure yana ƙaruwa ta ƙara wuta, moton ya zabura da dukkan ƙarfinsa. Gwajin farko a yi shi moto ba a haɗe da inji ba, a kuma ƙuntata iyakar kuskuren bi. Ga sabon inji ba hanyar da za a nema ba ce, ga tsoho mai lafiyayyun diraif kuwa ita ce ta fi araha.

Modbus da CANopen

Diraif da yawa na da Modbus RTU a kan RS-485, shi ya sa yake jan hankali. Yana da kyau wajen canza saiti, karanta ƙararrawa, ko zaɓar wurin da aka riga aka adana a diraif. Ba ya yanka da'ira. Tambaya da amsa guda, ko a gudun bit 115,200 a sakan, kan ci kusan milisakan 5 in aka haɗa da tazarar da ƙa'ida ta wajabta, aksis huɗu sun kai 20, kuma babu agogon da ke haɗa su. Kurakuran da aka fi yi biyu ne: adireshin rajista ya goce da ɗaya saboda wani daga 0 yake ƙirga wani daga 1, da kuma lamba mai bit 32 da ke zaune a rajista biyu, inda wani kamfani ke sa babban rabi a gaba wani ƙarami. In aka juya su, umarnin tafiyar taku 1000 zai zama 65,536,000.

CANopen ya fi shi nesa ba kusa ba, don yana da saƙon daidaita lokaci kuma daga gare shi tsarin CiA 402, wato ƙa'idar bai-ɗaya ta yadda ake umartar diraif, ya fito. Iyakarsa megabit 1 a sakan, a kan kebul da bai wuce kusan mita 25 ba a wannan gudun, da rizisto mai om 120 a kowane ƙarshe. Saƙo mai bayit 8 kan ci kusan kashi ɗaya cikin takwas na milisakan, kowane aksis na buƙatar na zuwa da na dawowa, don haka a zagayen milisakan ɗaya aksis uku sun kusa cika layin. Ga mutum-mutumi mai yawo da batir, ko inji mai aksis kaɗan, ya isa.

EtherCAT da CiA 402

Beckhoff ne ya fito da EtherCAT a 2003, yau kuma shi ne buɗaɗɗen yaren da kamfanonin sarbo suka fi taruwa a kansa. Megabit 100 a sakan, mita 100 tsakanin na'ura da na'ura, kebul ɗaya ya shiga diraif ya fita zuwa na gaba, agogon haɗin gwiwa kuma yana riƙe su da bambancin da bai kai maikurosakan ɗaya ba. Matsayi, gudu, ƙarfin juyi da lambar ƙararrawa duk suna dawowa ga kwantirola a kowane zagaye.

Amma kalmar "buɗaɗɗe" ba ta nufin a soka a tafi. CiA 402 ya tsayar da ginshiƙai ne kawai: kalmar umarni a 6040, kalmar hali a 6041, salon aiki a 6060, matsayin da ake nufa a 607A, matsayin da ake ciki a 6064, duk a ƙirgen heks. Don kunna aksis ana rubuta 6, sannan 7, sannan 15 a kalmar umarni, ana jiran amsar kowane mataki, ana kuma share kuskure da 128. Salo na 1 shi ne wanda diraif ke tsara tafiya, na 6 neman mafari, na 8 shi ne CSP inda kwantirola ke aiko matsayi a kowane zagaye, 9 na gudu, 10 na ƙarfin juyi. Ba dole ba ne diraif ya iya dukkansu. Adireshi 6502 ne ke faɗin waɗanda ya iya, kuma shi ya kamata ka fara nema a littafin kayan. Duk abin da ya shafi daidaita ƙarfi, tace girgiza da sarrafa birki yana tsakanin 2000 da 5FFF, yankin da kowane kamfani ke tsara abinsa yadda ya so. Ke nan canza diraif zuwa na wani kamfani zai bar maka rabin shirinka, ɗaya rabin sai an sake.

Inda aka fi maƙalewa shi ne diraif ya kai matakin SAFE-OP, inda yake aiko bayani amma ba ya bin umarni, ya ƙi shiga OP, matakin cikakken aiki. Dalilan sanannu ne. Ko lambar bita da ke fayil ɗin ESI ba ta zo ɗaya da ta diraif ba, ko an jera bayanan zagaye ta hanyar da diraif bai yarda a taɓa ba, ko lokacin zagayen da aka zaɓa ba ya cikin waɗanda yake karɓa, ko kuma kwamfutar ba ta iya riƙe lokaci, saƙo na makara har diraif ya yanke. TwinCAT, manhajar kwantirola ta Beckhoff, na buƙatar katin sadarwar da yake goyon baya, galibi mai cif ɗin Intel. LinuxCNC na bi ta IgH, manhajar EtherCAT ta Linux, tare da Linux mai tsayayyen lokaci, yana aiki sosai, amma da hannu ake rubuta yawancin saitin. Kada a sa akwatin raba intanet na ofis a tsakiyar layi, kada kuma a juya kafar shiga da ta fita.

Akwai wani tarko da ƙaruwar ingancin enkoda ya haifar. Matsayi a 6064 lamba ce mai bit 32 mai gaba da baya, iyakarta 2,147,483,647. Enkoda mai bit 24, irin ta Sigma-7, tana ƙirga 16,777,216 a juyi, don haka juyi 128 kacal ya cika lambar ta kife zuwa ɗaya ɓangaren. Mai bit 23 juyi 256, mai bit 20 juyi 2048. Ga bel ko tebur mai juyawa gefe ɗaya, 'yan sakanni ne. Manhajar motsi mai kyau ta san da wannan tana gyarawa, shirin da mutum ya rubuta da kansa kuwa sau da yawa bai sani ba, sai aksis ya fizga baya ba zato.

A ƙarshe ka bambance tsakanin kwantirola ta ga diraif da ta karɓe shi a matsayin aksis. Wasu kwantirola na karanta ESI na kowa, amma tubalan motsinsu irin MC_Power da MC_MoveAbsolute da nasu diraif kaɗai aka tabbatar da su. CODESYS SoftMotion na da aksis na gama-gari don CiA 402, sai dai da lasisi. TwinCAT na ba da lasisin gwaji na kwana 7 da ake sabuntawa, wanda ya isa a gwada diraif kafin a ɗaure kai.

Gida ɗaya daga sama har ƙasa

Hanya ta ƙarshe ita ce sayen komai a wuri guda: Mitsubishi da SSCNET III/H a kan zaren haske, Yaskawa da MECHATROLINK, Panasonic da RTEX, Siemens da PROFINET, Rockwell da CIP Motion. Nan ne aka fi samun sauƙin tashi. Ana zaɓar diraif daga jeri, manhaja ta san shi, ƙararrawa ta fito da cikakken bayani, in abu ya lalace kuma kamfani ɗaya ake nema, babu mai tura laifi ga wani.

PROFINET da EtherNet/IP buɗaɗɗu ne a ƙa'ida, amma wajen motsi na haɗin gwiwa a aikace gida suke komawa. A Siemens sai an dace da lambar telegiram, wato tsarin saƙon da PLC da diraif ke musaya, a ɓangarorin biyu. Telegiram 111 tare da tubalin SINA_POS na barin diraif ya tsara tafiyarsa, 3 na aiki da abin sarrafa aksis na cikin PLC, 105 kuwa na buƙatar IRT, salon PROFINET mai agogon haɗin gwiwa, wanda S7-1500 ke da shi amma S7-1200 na ƙarnin farko ba shi da shi. A Rockwell, diraif na wani kamfani mai EtherNet/IP zai yi musayar bayanai lafiya, amma in ba shi da CIP Motion ba zai shiga rukunin motsi ba, umarnin motsa aksis irin MAM ba zai taɓa shi ba.

Rikicin wannan hanyar na siga ne. A Studio 5000 na Rockwell babbar lambar sigar manhaja dole ta zo ɗaya da ta manhajar cikin kwantirola. Sabon diraif na iya buƙatar sabuwar siga, ita kuma ta tilasta sabunta kwantirola, wani lokaci tsohuwar kwantirolar ba ta kaiwa can. A TIA Portal na Siemens shirin da aka ɗaga zuwa sabuwar siga ba ya buɗuwa a tsohuwa. Masana'anta mai injina na shekaru daban-daban kan ƙare da sigogi huɗu ko biyar a ajiye, kowace da lasisinta. In kamfani ya daina yin wani jeri kuwa, hanyar da ya shimfiɗa ita kaɗai ce mafita, a farashin da ya yanka.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙin tashi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bugu da alkibla | Ƙasa | Mai sauƙi | Mai kyau, kowane kamfani na da madadi | Ƙarancin gudun bugu, zamewa ba ƙararrawa |
| Analog | Ƙasa zuwa tsaka | Mai wuya, saiti biyu | Mai kyau, amma sababbin diraif masu shi na raguwa | Zabura in an juya enkoda, rarrafe |
| Modbus | Ƙasa ƙwarai | Tsaka | Mai kyau | Jinkiri, juyewar rajista |
| CANopen | Tsaka | Tsaka | Mai kyau | Cikar layi in aksis sun yi yawa |
| EtherCAT | Tsaka | Tsaka zuwa wuya | Mai kyau ƙwarai | ESI, agogo, salon da diraif bai iya ba |
| Gida ɗaya | Sama | Mafi sauƙi | Gwargwadon ran jerin kayan | Rikicin siga, lasisi, rashin madadi |

Kafin a sayi sauran

Ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin sadarwar diraif, fayil ɗin gabatarwarsa da manhajar saitinsa galibi ana iya sauke su kafin saye. Ka sa fayil ɗin a ainihin sigar manhajar da za ka yi aiki da ita, ka ga ko ta ba ka damar ƙirƙirar aksis. Ka nemi mai sayarwa ya rubuta maka cikakkiyar lambar kaya har harafin ƙarshe, da sigar manhajar cikin diraif ɗin da zai aiko. Sannan ka sayi saiti ɗaya tak ka gwada a kan tebur: kunnawa, neman mafari, tafiya gaba da baya sau ɗaruruwa a ga ko ya dawo daidai, zare kebul ana cikin gudu a ga yadda zai tsaya, kashe wuta a kunna a ga ko ya tuna matsayinsa. Enkoda mai tuna matsayi da batir mai bolt 3.6 tana mantawa in batir ya mutu ko aka zare kebul ɗinta daga gare shi, don haka shirinka ya san abin yi a ranar. Mashigar STO kuma, wadda ke yanke ƙarfin juyi don tsaro, in ba a haɗa ta ba diraif ba zai kunnu ba ko da komai na manhaja daidai ne. A haɗa ta da da'irar tsaro ta gaske, kada a bar ta da wayar gada bayan gwaji.

Wa ya dace da wace

Mai ƙaramin injin CNC, ko mai son cire moton taku ya sa sarbo a kan Mach3, GRBL ko ƙaramar PLC, ya tsaya a bugu da alkibla, bayan ya yi lissafin kilohaz ya ga gudun da zai samu ya ishe shi. Mai farfaɗo da tsohon inji wanda motocinsa da diraif ɗinsa ke da lafiya, analog tare da LinuxCNC zai bar masa kayansa masu tsada a inda suke. Aksis ɗaya ko biyu masu zuwa wurare sanannu, kamar ma'aunin tsayi ko ƙofa, Modbus ya wadatar musu, ko telegiram 111 in PLC ta Siemens ce.

Mai ƙera sabon inji mai aksis huɗu zuwa sama, da ke son motsi na haɗin gwiwa da 'yancin canza kamfani gobe, EtherCAT ne nasa, da sharaɗin diraif na da CSP da agogon haɗin gwiwa, kuma akwai wanda zai zauna ya fahimci CiA 402. Ya ware duk abin da ya keɓanta da kamfani a tubali ɗaya cikin shirinsa, don ranar canji wuri ɗaya za a taɓa.

Masana'antar da ta riga ta ginu a kan Siemens, Rockwell ko Mitsubishi, masu gyaranta sun saba da manhajar, kayan gyara na cikin sito, ta ci gaba da gidanta ko da diraif na waje ya fi araha, domin tsayuwar layi na awa kaɗan kan cinye bambancin. Abin da ya rage mata shi ne ta rubuta sigar manhajar kowane inji a jikin akwatin wutarsa, ta adana fayil ɗin saitin kowane diraif tare da shirin kwantirola, ta kuma ajiye kwamfuta ɗaya da aka tabbatar tana buɗe su.